Dala 31,000 a banki: badujalar garinmu tana da lafiya kuwa?

"Assalamu alaikum. Ina zaune a wani ƙaramin gari a jihar Ohio ta Amurka. Tun ina sakandare a Jos na koyi busa a badujalar makaranta, shi ya sa da na zo nan na shiga ƙungiyar masu busa da kiɗa ta garin, mu 55, duk 'yan sa-kai. Watan jiya aka zaɓe ni ma'aji. Na tarar da dala 31,000 a banki, daga ciki 12,000 wasiyya ce da wani tsohon mamba ya bari don sayen kayan kiɗa. A shekara muna samun kamar 21,000, muna kashe kamar 24,000, kuma shekara uku ke nan ana haka. Hukumar gari tana ba mu 6,000 saboda wasannin da muke yi a lambun shaƙatawa lokacin zafi. Muna atisaye kyauta a ɗakin kiɗan makarantar sakandaren garin. Jagoranmu tsohon malami ne da ya yi ritaya, abin da ake ba shi bai taka kara ya karya ba. 'Yan kwamiti suna cewa kuɗi na nan, kada in tayar da hankalin kowa. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Yaya ake gane lafiyar irin wannan ƙungiya ta fuskar kuɗi?"

Wa alaikumus salam, Malam Ma'aji. Allah ya taya ka riƙo. Idan na fahimce ka, abin da kake son sani shi ne wa ke da gaskiya tsakaninka da kwamiti: su suna kallon abin da ke banki suna ganin rufin asiri, kai kana kallon giɓin da ke maimaita kansa kana ganin matsala. Aikina akanta ne, kuma na daɗe ina riƙe wa ƙananan ƙungiyoyin sa-kai littattafansu a nan Amurka, ciki har da ƙungiyoyin busa irin taku guda biyu. Bisa abin da ka rubuto, ƙungiyarku ba za ta durƙushe bana ba, da wuya ma ta durƙushe baɗi. Amma hankalinka da bai kwanta ba yana da dalili, kuma dalilin ya fi giɓin 3,000 ɗin girma. Babban abin da nake so ka duba shi ne kuɗin da ya kamata a ce kuna biya amma ba ku biya, domin wasu ne ke ɗauke muku.

Irin wannan ƙungiya tsohuwar al'ada ce a ƙasar nan. Badujalar garin Allentown a jihar Pennsylvania ta faro ne tun 1828, kuma har yau tana busa. A 1921 jihar Iowa ta yi dokar da ta ba garuruwa damar sa ɗan haraji, idan mutanen gari sun amince da ƙuri'a, don ɗaukar nauyin badujalar gari, wasu jihohi da dama kuma suka kwaikaya. Daga nan ne aka saba ganin cewa kiɗan lambu a daren zafi, da na ranar 4 ga Yuli, ranar bikin 'yancin kan Amurka, da na ranakun tunawa da sojoji, abu ne da gari ke sa hannu a ciki. Yau mafi yawan waɗannan ƙungiyoyi masu zaman kansu ne, suna da rajista a ƙarƙashin sashe na 501(c)(3) na dokar haraji, wato ba su biyan harajin samu kuma mai ba su gudummawa yana iya samun rangwame. Kuɗin da gari ke bayarwa kuwa ya koma abin da majalisar gari ke yanke wa hukunci shekara-shekara. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Nawa ne naku a cikin 31,000?

Fara da cire 12,000. Kuɗin wasiyya da aka ɗaure da sharaɗi amana ne, kuma kai da ni mun taso mun san nauyin wasiyyar mamaci. Dokar nan ma haka ta ɗauke shi. Ƙa'idar lissafin ƙungiyoyin sa-kai ta raba dukiya gida biyu: wadda mai bayarwa ya sa wa sharaɗi, da wadda ba ta da sharaɗi. Kwamiti ba shi da ikon ɗaukar ta farko ya biya inshora ko hayar zaure, ko da da niyyar mayarwa. Tunda mai kuɗin ya rasu, sauya sharaɗin sai an bi ta kotu ko ta ofishin Babban Lauyan jiha, gwargwadon girman kuɗin da daɗewarsa. Abin da nake ba ka shawara shi ne ka nemo ainihin takardar wasiyyar ko wasiƙar lauyan da ya raba gadon, ka karanta kalmomin da idonka. Na sha ganin kuɗin da kowa ke cewa "na kaza ne", da aka bincika sai aka tarar kwamitin wata shekara ne ya ware shi da kansa, wanda kuma wani kwamitin zai iya warwarewa. Na kuma ga akasin haka. Takarda ce kawai ke raba gardama.

Saura 19,000. Kuna kashe 24,000 a shekara, wato 2,000 a wata, ke nan kuna da abin da zai riƙe ku wata tara da rabi ko da ba a samu ko sisi ba. Ma'aunin da aka saba amfani da shi a wannan fanni shi ne ajiyar wata uku zuwa shida, don haka a nan 'yan kwamiti ba su yi ƙarya ba. Sai dai ka tambayi kanka a wace rana aka ga 31,000 ɗin. Kuɗin badujala yana da damina da rani. Idan washegarin shigowar kuɗin gari ne da na mambobi, alhali ba a biya inshora ba, ba a biya zauren wasan hunturu ba, to wani ɓangare na kuɗin ya riga ya sami mai shi. Ɗauko bayanan banki na wata 24 da suka wuce, ka rubuta abin da ya rage a ƙarshen kowane wata, ka nemo watan da ya fi kowanne ƙasa. Wannan adadin, bayan an cire wasiyya, shi ne ajiyarku ta gaskiya.

Abin da ba ya cikin littafi

Nan ne nake so mu daɗe. Kasafinku na 24,000 bai nuna abin da ƙungiya mai mutum 55 ke ci a shekara ba. Abin da ya nuna shi ne abin da ya rage bayan makaranta ta ba ku ɗaki, jagora ya ba ku lokacinsa kusan kyauta, wataƙila wani mamba ya ba ku garejinsa kuna ajiye takardun kiɗa, wani kuma yana ɗaukar ganguna a motarsa. Takardar 990 da ƙungiyoyi ke cike wa hukumar haraji ta IRS ba ta ƙidaya aikin sa-kai ko wurin da aka bayar kyauta a cikin kuɗin shiga. Shi ya sa ma'aji zai iya shekara goma yana riƙe littafi tsaf bai taɓa ganin wannan tallafin a rubuce ba.

Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Ɗakin kiɗan makaranta ya wuce bango huɗu da rufi. A cikinsa akwai kujeru, da matokaran da ake ɗora takardun kiɗa, kuma kusan kullum akwai manyan gangunan nan na tagulla da ake kira timfani, da babbar ganga, da sauran kayan duka masu tsada. Saitin timfani kaɗai dubban daloli ne. Ranar da kuka rasa ɗakin, duk waɗannan kuka rasa a lokaci guda. Ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da na yi wa aiki haka ya same ta. Shekaru suna atisaye a wata makaranta bisa fahimtar baki da malamin kiɗa, wanda shi ma mamba ne. Da ya bar aiki, hukumar makarantar ta ce kowace ƙungiyar waje sai ta biya haya da kuɗin mai shara na dare, kuma ta kawo shaidar inshora. Ba wanda ya yi musu mugunta, ƙa'idar da ke rubuce aka bi. Cikin wata biyu ƙungiyar da ke ganin tana da rara ta koma neman inda za ta ajiye ganguna.

Yi wannan lissafin da naku. Je ofishin hukumar makarantun yankinku ka tambayi abin da ake cajin ƙungiyar waje a kan irin wannan ɗaki. Mu ƙaddara dala 150 ne a dare, kuna haɗuwa sau 40 a shekara: 6,000 ke nan. Sannan jagora. Ka ce tsoho ne mai ritaya, Allah ya ƙara masa lafiya, amma wata rana zai ajiye sandar. Wanda zai gaje shi mai yiwuwa malamin kiɗa ne mai iyali wanda ba zai iya ba da dare 40 da wasanni a kan ɗan abin goro ba. Mu ƙaddara za a ƙara 4,000 a kan abin da ake biya yanzu. Giɓinku ya tashi daga 3,000 zuwa 13,000, ajiyar 19,000 ɗin da a yanzu za ta kai ku shekara shida ta koma ta shekara ɗaya da rabi. Waɗannan adadi biyu nawa misali ne, kai za ka sa na gaskiya. Amma ka ga yadda abin ke juyawa ba tare da kowa ya yi almubazzaranci ba.

Haɗa da kuɗin gari. 6,000 cikin 21,000 ya haura kashi ɗaya bisa huɗu na duk abin da kuke samu, kuma yana hannun mutanen da zaɓe ke sauyawa. A ganina duk lokacin da hanya ɗaya ta kai rubu'in samun ƙungiya, dole kwamiti ya zauna ya amsa tambayar "idan ta tsaya, me za mu yi?" Shekarar 2020 ta koya wa kowa wannan, domin a lokacin annobar korona masu busa suna cikin waɗanda aka fara dakatarwa kuma suka daɗe ba su dawo ba, alhali inshora da kuɗin ajiyar kaya ba su tsaya ba.

Maganin nan ba ya cin kuɗi da yawa. Nemi yarjejeniya a rubuce da hukumar makarantun, ko ta shekara uku ce, a faɗi abin da kuke samu da abin da kuke bayarwa. Kuna da abin bayarwa: ɗalibai su riƙa zama cikinku suna koyo, ku yi wasa ɗaya tare da badujalar makarantar, ko kayan da za ku saya da kuɗin wasiyya su zauna a ɗakin ɗalibai su amfana, da sharaɗin an rubuta cewa mallakarku ne. Haka da hukumar gari: a maida kuɗin kwangilar wasanni masu adadi, a rubuce, ya fi a bar shi a matsayin alherin da ake sabuntawa. Batun jagora kuwa, ku fara ƙara masa abin da ake ba shi kaɗan-kaɗan tun yanzu. Idan ya ƙi karɓa, ya karɓa ya maido a matsayin gudummawa. Ta haka kasafin zai saba da ainihin farashin kujerar kafin ranar da za a nemi wani.

Giɓin 3,000

Giɓin shekara ɗaya yana iya zama tsautsayi, babban ƙahon busa da ake kira tuba ya lalace ko ruwa ya hana wasan da ake tara kuɗi. Na shekara uku a jere kuwa tsari ne, ruwa ba ya tsami banza. Jera kuɗin shiga da na fita na shekara biyar gefe da gefe, kowane layi daban. A irin ƙungiyoyin nan abin da na fi gani shi ne kuɗin mamba ya tsaya cak shekara da shekaru, hayar zaure da inshora da buga takardun shiri suna hawa a hankali. Wani lokacin kuma wasa ɗaya ne ke cinye komai: ana kama babban zaure mai tsada sau ɗaya a shekara don alfahari, kujeru rabi babu kowa. Fitar da lissafin kowane wasa shi kaɗai, abin da ya ci da abin da ya kawo. Ba lallai kowane wasa ya biya kansa ba, domin ba don riba aka kafa ku ba, amma kwamiti ya san wanne ne ake tallafa wa kuma da nawa.

Ta ɓangaren samu, raba 3,000 ga mutum 55: dala 55 ne kowane mutum a shekara, bai kai dala 5 a wata ba. Ba ina cewa a ɗora duka a kan mambobi ba. Cikinku akwai ɗalibai da tsofaffi masu zaman fansho, kuma ƙungiyar gari da ta kori mai busa saboda kuɗi ta saɓa wa abin da aka kafa ta dominsa. A ƙara kuɗin mamba daidai gwargwado, a bar ƙofa a buɗe ga wanda ba shi da hali ya gaya wa ma'aji a asirce. Sauran a nemo daga masu sauraro. Mutanen da ke zuwa lambu da kujerunsu kowace shekara sukan bayar idan an roƙe su kai tsaye, da sunan abu takamaimai. Saitin takardun waƙa ɗaya na cikakkiyar badujala yakan kai dala 60 zuwa sama da 100, kuma mutane suna son a ce "wannan waƙar wane ne ya saya mana don tunawa da mahaifiyarsa". Shagunan gari da bankuna da gidajen abinci sukan sayi fili a takardar shirin wasa. Akwai kuma Majalisar Fasaha ta jihar Ohio da asusun tallafin al'umma na yankinku, waɗanda ke ba ƙananan ƙungiyoyi tallafi. Sai dai tallafi yakan zo da sharaɗi da rahoto, don haka kada a toshe giɓin kullum da kuɗin da ke zuwa sau ɗaya. Wani abu da zai taimake ku wajen roƙo: daga shekarar haraji ta 2026, wanda ba ya jera abubuwan rangwame ɗaya bayan ɗaya a takardar harajinsa yana iya cire gudummawar kuɗi har dala 1,000, ma'aurata 2,000. Masu ba ku ƙananan gudummawa yawancinsu irin waɗannan ne.

Ta ɓangaren ragewa, akwai wuri biyu da ba na so a taɓa. Ɗaya inshorar haɗari, domin tsoho ya yi tuntuɓe da wayar lantarki ya faɗi a lambu ba abin mamaki ba ne, kuma ƙara ɗaya a kotu ta isa ta share 19,000. Na biyu haƙƙin mallaka. Kwafar takardun kiɗa da injin hoto maimakon saye keta doka ne, yin waƙoƙin mutane a bainar jama'a kuma yana buƙatar lasisi daga ASCAP da BMI, ƙungiyoyi biyu da ke karɓar wa mawallafan waƙoƙi kuɗin haƙƙinsu. Ƙungiyar Association of Concert Bands, wadda ta haɗa badujaloli irin taku, tana samar wa mambobinta lasisin bai-ɗaya na waɗannan biyun, ka duba ko kuna ciki. Inda za a iya ragewa ba tare da cutarwa ba shi ne a sake fito da waƙoƙin da ke cikin ma'ajiyarku waɗanda aka daɗe ba a busa ba, a kuma rage yawan sababbin da ake saye kowace kaka.

Takardu, da kare kanka

Abu na farko da za ka yi gobe, kafin ma lissafi: shiga shafin IRS na binciken ƙungiyoyin da aka yafe wa haraji, ka sa sunan ƙungiyarku, ka tabbata matsayinku yana nan. Ƙungiyar da samunta bai saba wuce dala 50,000 a shekara ba takarda ƙarama take cikewa ta intanet, 990-N, kafin ranar 15 ga wata na biyar bayan ƙarewar shekarar kuɗinta. Idan aka yi shekara uku a jere ba a cike ba, matsayin yana faɗuwa da kansa ba tare da wani ya yanke hukunci ba, dawo da shi kuma sai an sake nema an biya kuɗi. Wannan yakan faru daidai lokacin sauyin ma'aji, irin lokacin da kake ciki. Takardar 990-N ba ta tambayar dalla-dallar kuɗi, shi ya sa ƙananan ƙungiyoyi da yawa ba wanda ke tilasta musu fitar da cikakken bayanin shekara. Kai ka fitar ko ba a nema ba. Duba kuma rajistarku da ofishin Babban Lauyan jihar Ohio, wanda ke kula da ƙungiyoyin agaji. Duk wanda ya ba ku dala 250 ko fiye a lokaci ɗaya, yana buƙatar wasiƙar shaida daga gare ku kafin ya samu rangwame.

Sannan kada ka yarda ka zama kai kaɗai ke ganin asusu. Na taɓa karɓar littattafan wata ƙungiya da ma'ajinta, mutumin kirki, ya kwanta asibiti, ba wanda ya san lambar sirrin banki sai shi, inshora ta ƙare ba a sani ba. Ba a rasa ko kwabo ba, amma an yi makonni ana wahala. A sa mutum biyu a kan asusu, wani ɗan kwamiti da ba ya sa hannu a cak ya riƙa duba bayanan banki kowane wata, kuɗin da aka tara a bokiti a wurin wasa mutum biyu su ƙirga su sa hannu kafin a tashi. Wannan kariya ce gare ka, musamman kai da ka zo sabo kuma kake shirin faɗin abin da ba a son ji.

Duk abin da na faɗa a kan adadin da ka ba ni na gina shi, ban ga littafinku ba, ban kuma ga takardar wasiyyar ba. Batun sauya sharaɗinta, idan ya taso, na lauya ne mai lasisin jiharku, ba na akanta ba.

Idan za ka je taron kwamiti na gaba, kada ka shiga da kalmar "matsala". Mutanen nan sun shekara suna ɗaukar kujeru da ganguna don ƙungiyar ta rayu, kuma 19,000 ɗin da ka tarar guminsu ne. Fara da yaba musu a kan haka. Sannan ka miƙa musu takarda shafi ɗaya: kuɗin wasiyya a gefe, ajiyar gaskiya a watan da ta fi ƙasa, samu da kashewa na shekara biyar, a ƙasa kuma layi uku, farashin ɗaki idan za a biya, farashin sabon jagora, da abin da zai rage idan kuɗin gari ya tsaya. Roƙe su abu biyu kawai a wannan zaman: a amince a rubuce cewa ajiyar ba za ta sauka ƙasa da kuɗin wata shida ba, wato 12,000, sai da ƙuri'ar kwamiti, a kuma naɗa mutum biyu da za su je su ga hukumar makarantun kafin ƙarshen zangon karatu.